Darasin Kwamfuta: Yadda Ake Shimfiɗa Hanya a Shafin Intanet

  Darasin wannan fitowa ya shafi shafukan intanet, musamman jerin hanyoyin nan da ke saman shafi, wanda mutane ke kira menu. Za mu duba yadda ake rubuta shi, da yadda ake jera kanun shafi daga babba zuwa ƙarami. Muna roƙon kowa ya zo da biro da takarda, domin akwai aiki a ƙarshe.

Me ya sa wannan ya shafe mu?

Wani zai ce mu 'yan ƙaramar sakandare a Musawa, ina ruwanmu da gina shafin intanet? Ruwanmu babba ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Sakamakon WAEC da NECO ma a intanet yayyenmu ke dubawa. Neman gurbin karatu da neman aiki duk sun koma can. Duk wanda ya taɓa riƙe waya yana lalubar inda zai danna a wani shafi, data tana ƙarewa, ya san zafin shafin da ba shi da tsari. Yau mu ne masu karanta shafukan da wasu suka gina. Gobe idan Allah ya so, wasu daga cikinmu ne za su gina wa asibiti ko makaranta ko ƙungiyar manoma nasu. Gara mu koyi daidai tun yanzu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mene ne HTML?

Kowane shafin intanet rubutu ne a asalinsa. Harshen da ake rubuta shi da shi sunansa HTML. Wani masani ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro shi, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba a ƙasar Suwizalan. Ya gabatar da shawararsa a 1989, kuma a 1991 duniya ta fara ganin shafin farko. A watan Oktoba na 2014 aka tabbatar da sabon zubin harshen mai suna HTML5, wanda ya zo da sababbin alamomi.

Aikin HTML shi ne sanya wa rubutu alama. Ana rubuta sunan alamar tsakanin < da >, a sa ta a farkon abu, sannan a sake sa ta a ƙarshe tare da karan nan / domin rufewa. Manhajar da muke buɗe shafi da ita, wato burauza irin su Chrome da Firefox da Opera Mini, ita ke karanta alamomin ta nuna mana shafi. Mu ba ma ganin alamomin, sai sakamakonsu.

Alama mai ma'ana da alama marar ma'ana

A lokacin kaka, idan aka jera buhuna goma a shago, duk an ɗinke bakinsu, kuma ba a rubuta komai a jikinsu ba, ta yaya za a gane na masara da na dawa da na waken suya? Sai an soka ko an kwance. Amma idan an rubuta a jikin kowane buhu, ko yaron da aka aiko zai ɗauki wanda ake nufi.

A HTML akwai alamar da ta yi kama da buhun da ba rubutu. Sunanta div. Tana ɗaukar komai, amma ba ta faɗin abin da ke cikinta. Akwai kuma alamomin da sunansu ke bayyana aikinsu. Su muke kira alamomi masu ma'ana. Ga manyansu:

1. header: goshin shafi, inda suna da tambari suke.
2. nav: jerin manyan hanyoyin zuwa sauran shafuka.
3. main: ainihin abin da aka zo karantawa. Guda ɗaya ake nunawa a shafi.
4. article: labari ko maƙala da za ta iya tsayawa da kanta.
5. section: sashe guda a cikin batu, yawanci da kan maganarsa.
6. aside: ƙarin bayani na gefe.
7. footer: gindin shafi, inda ake sa adireshi da makamantansa.

Mai gina shafi zai iya amfani da div kaɗai, ya yi masa ado da launi da manyan haruffa, mai ido ya ga kamar komai daidai ne. Shi adon yana da nasa harshe daban mai suna CSS. Ka'idar da za mu riƙe ita ce: HTML ya faɗi mene ne abu, CSS ya faɗi yadda zai fito.

Su wa ke amfana da alama mai ma'ana?

Na farko, masu larurar gani. Binciken ƙasa a kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma shiyyarmu ta arewa maso yamma ce ta fi yawansu. Makaho yana amfani da waya da kwamfuta ta hanyar manhajar da ke karanta masa allo da murya. A wayar Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka samar, kuma kyauta ce tun fitowarta a 2006.

Mai ido yana kallon shafi gaba ɗaya a lokaci guda, ya zaɓi inda zai je. Mai sauraro kuwa layi-layi ake karanta masa. Shi ya sa waɗannan manhajoji suka tanadi hanyar tsallake. A NVDA, idan aka danna harafin H za a tsallaka zuwa kan magana na gaba. Harafin D yana kai mutum babban sashe na gaba, kamar nav ko main. Harafin K kuma yana kai shi mahaɗi na gaba, wato abin da muke kira linki. To idan mai gina shafi ya yi komai da div, makaho zai danna H a ce masa babu kan magana, ya danna D a ce babu sashe. Dole ya saurari shafin tun daga sama har ƙasa kafin ya sami abin da ya zo nema.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. A ganinmu, shafin da jama'a ke cike takardar neman makaranta a cikinsa shi ma kamar ginin jama'a ne. Bai dace a yi masa ƙofar da wasu ba za su iya bi ba.

Na biyu, mu kanmu masu ƙaramar waya. Idan sabis ya yi rauni, wani lokaci rubutun shafi yana buɗewa amma adon ya ƙi zuwa. Shafin da aka gina da alamomi masu ma'ana zai ci gaba da karantuwa, kanu su fito manya, jeri ya fito a jere. Wanda aka gina da div zalla sai ya koma rubutu a cakuɗe.

Na uku, injinan bincike irin su Google, domin su ma ba ido gare su ba, alamomi suke karantawa su fahimci batun shafi. Na huɗu, wanda zai gaji aikin bayanka, domin zai gane abin da ka rubuta ba tare da ya neme ka ba.

Tsanin kanu: daga h1 zuwa h6

HTML yana da kanun magana hawa shida. Babbansu h1, ƙaraminsu h6. Suna cikin alamomin farko da aka bayyana tun 1991, kuma har yau su ake dogara da su. Idan aka tsamo kanun shafi kaɗai aka jera, sai su zama kamar shafin "Abubuwan da ke ciki" na littafin karatu. Wannan jerin shi muke kira ƙashin bayan shafi.

Bari mu yi misali da jiharmu. An ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, kuma tana da ƙananan hukumomi 34 a shiyyoyi uku: Katsina, Daura da Funtua. Musawa tana shiyyar Funtua, wadda ke da ƙananan hukumomi 11. Idan za mu rubuta shafi a kan wannan, ga yadda kanun za su kasance:

h1: Ƙananan hukumomin Jihar Katsina
h2: Shiyyar Katsina
h2: Shiyyar Daura
h2: Shiyyar Funtua
h3: Malumfashi
h3: Matazu
h3: Musawa
h4: Jikamshi

Ku lura da abu uku. Shiyyoyin uku duk h2 ne domin matsayinsu ɗaya. Musawa ta zama h3 domin a ƙarƙashin shiyyar Funtua take. Jikamshi kuma h4 domin a cikin ƙaramar hukumar Musawa take. Da za a sa Musawa a h2, an mayar da ita shiyya ke nan. Da kuma za a tashi daga h2 a faɗa h4, mai sauraro zai zaci wani hawa ya ɓace masa, ya koma baya yana nema.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen kan magana saboda girmansa. Mutum ya ga h1 ya yi masa girma, sai ya ɗauki h4 don ya fi kyau a ido. Lambar matsayi take nunawa. Idan girman bai yi maka ba, rage shi da CSS, ka bar lambar a inda ta dace.

Wata ka'ida da aka janye

Akwai wani abin lura ga masu karanta tsofaffin littattafan kwamfuta. Lokacin da HTML5 ya fito, an rubuta cewa mutum zai iya sa h1 a kowane section, burauza ta lissafa matsayin kowanne da kanta bisa yadda sassan suka shiga cikin juna. Shawarar tana da daɗin ji, sai dai masu ƙera burauza ba su taɓa aiwatar da ita ba. Waɗanda suka bi ta sun samar da shafukan da makaho ke jin h1 goma a jere, duk matsayi ɗaya. A 2022 aka cire wannan ka'ida daga kundin HTML. Saboda haka idan ka ga littafin da ke koyar da ita, ka san an wuce wurin. Kai ne za ka sa wa kowane kan magana lambarsa.

Mu gina jerin hanyoyi

A ce ƙungiyarmu ta 'yan jarida za ta mayar da wannan mujalla zuwa intanet. Muna son hanyoyi biyar: Gida, Labarai, Darussa, Noma da Wasanni. Ga yadda za mu rubuta:

<nav aria-label="Babbar hanya">
<ul>
<li><a href="gida.html">Gida</a></li>
<li><a href="labarai.html">Labarai</a></li>
<li><a href="darussa.html">Darussa</a></li>
<li><a href="noma.html">Noma</a></li>
<li><a href="wasanni.html">Wasanni</a></li>
</ul>
</nav>

Alamar a ita ce mahaɗi, href kuma shi ne adireshin inda za a je. Alamar ul jeri ce, li kuma abu ɗaya ne a cikin jerin. Yanzu ga tambayoyin da mai gini zai yanke hukunci a kansu, da amsar da muka zaɓa.

Tambaya ta 1: Me ya sa aka sa mahaɗan a cikin jeri? Domin manhajar karanta allo za ta sanar cewa jeri ne mai abu 5. Mai sauraro ya san tsawon hanyar tun kafin ya shiga, ya yanke shawarar bi ko tsallakewa. Idan ana so su fito a kwance a saman shafi, aikin CSS ne.

Tambaya ta 2: ul ko ol? Alamar ol jeri ce da tsarinta ke da muhimmanci, kamar matakan alwala, inda ba a fara wanke ƙafa kafin fuska. A babbar hanya ko an sa Wasanni kafin Noma ma'ana ba ta sauya ba, don haka ul ta isa. Amma akwai wata ƙaramar hanya da ke nuna wa mai karatu sawun da ya biyo, kamar Gida, sai Darussa, sai Kwamfuta. Wannan daga babba ne zuwa ƙarami, saboda haka ol ta fi dacewa da ita.

Tambaya ta 3: Shin kowane tarin mahaɗai sai an sa masa nav? A'a. An tanadi nav ne domin manyan hanyoyi. Mahaɗai biyu a gindin shafi footer ta ishe su. Idan shafi ya cika da nav bakwai, alamar ta daina taimakon kowa, kamar kasuwar da aka rubuta wa kowace rumfa "babbar ƙofa".

Tambaya ta 4: Idan nav ta kai biyu fa? Sai a ba kowace suna, kamar yadda muka yi da aria-label a misalin sama. Ɗaya "Babbar hanya", ɗayar "Darussan aji uku". Wannan suna ba ya fitowa a allo, amma ana karanta wa mai sauraro shi, ya bambance su.

Tambaya ta 5: Shin jerin hanyoyi na buƙatar kan magana? Masana sun bambanta a nan. Wasu kan sa masa h2 domin mai tsallake da harafin H ya same shi. Wasu kuma na ganin sunan da aka ba nav ya wadatar. Mu mun zaɓi na biyu ga gajeren jeri irin namu, domin kanu su zama na abin karantawa kaɗai. Idan jerin dogo ne mai rukuni-rukuni, kamar darussan aji ɗaya da na biyu da na uku, to kowane rukuni ya cancanci kan magana. Abin da ba za a yi ba shi ne mayar da mahaɗan kansu kanu don kawai a ga sun yi kauri.

Tambaya ta 6: Wa zai ɗauki h1, sunan mujalla ko batun shafi? A shafin gida sunan mujalla zai iya ɗauka. A sauran shafuka batun ne ya cancanta. Idan shafi yana magana a kan noman auduga a Funtua, h1 ɗinsa ke nan. Da kowane shafi zai sa sunan mujalla a h1, mai sauraro zai riƙa jin abu ɗaya ko ina ya shiga, bai san ko ya iso ba.

Wasu ƙananan abubuwa masu amfani

Na ɗaya, a sa mahaɗi a farkon shafi mai cewa "Tsallaka zuwa labari", wanda zai kai mutum main kai tsaye. Yana taimakon wanda ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, sai maɓallan rubutu. In ba haka ba, sai ya bi ta kan duk jerin hanyoyin a kowane shafi.

Na biyu, sunan mahaɗi ya faɗi inda zai kai mutum. "Danna nan" ba suna ba ne. Manhajar karanta allo tana iya tsamo mahaɗan shafi ta jera su, kuma idan duk "danna nan" ne har sau goma, ba wanda zai san na ɗauka. A rubuta "Jadawalin jarrabawa" ko "Farashin taki".

Na uku, a nuna wa mai karatu shafin da yake kai. Ana ƙara aria-current="page" a mahaɗin shafin, sannan a bambanta shi a ido da ja masa layi ko kaurara shi. Launi kaɗai bai isa ba, domin akwai mutanen da ba sa bambance wasu launuka, musamman ja da kore.

Na huɗu, mahaɗi daban, maɓalli daban. Abin da zai kai ka wani wuri, a ne. Abin da zai yi wani aiki a nan inda kake, kamar buɗe menu a waya, alamarsa button.

Na biyar, kada mu manta da harshenmu. A saman shafi ana rubuta lang="ha" domin a san Hausa ce. Ana kuma sa charset="utf-8" domin haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su fito daidai. In ba haka ba suna iya rikiɗewa su zama wasu alamomi marasa kan gado, mai karatu ya kasa gane ko ƙasa aka rubuta ko kasa. Mai son rubuta shafinsa da ajami zai ƙara dir="rtl" domin rubutun ya tashi daga dama.

Yadda za ka gwada

Ba sai da data ake koyon wannan ba. A kowace kwamfuta mai Windows akwai manhajar Notepad. Ka kwafi misalinmu a ciki, ka adana shi da suna gida.html, ka buɗe shi da burauza, za ka ga jerinka ya fito. Idan kana son ganin alamomin wani shafi, danna Ctrl da U tare. Wanda yake da wayar Android a gida zai iya neman izinin mai ita ya kunna TalkBack, ya rufe ido na minti biyar, ya nemi labari ɗaya a shafin Wikipedia na Hausa. A tambayi babba yadda ake kashe ta kafin a kunna, domin tana sauya yadda ake taɓa allo. Wanda bai sami na'ura ba ya yi a takarda, domin tsara kanu da biro ake fara shi.

Aikin gwaji

1. Ɗauki littafin kimiyya na ajinku, ka zaɓi babi ɗaya, ka rubuta kanunsa, ka sa wa kowanne h1 ko h2 ko h3.
2. Wani ya jera kanunsa haka: h1 Amfanin gona, h2 Hatsi, h4 Masara, h1 Auduga. Nemo kurakurai biyu ka gyara.
3. Tsara jerin hanyoyi mai abu 5 na shafin kasuwar garinku. Ka tuna da layin hatsi, 'yan gwari, mahauta da kara.
4. Matakan shuka masara, ul za a sa musu ko ol? Kawo dalili.
5. Sauya wannan mahaɗi ya zama mai ma'ana: "Domin ganin sakamakon wasan ƙwallo, danna nan."

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu kai wa malamin kwamfuta ya duba, kuma za mu liƙa amsoshi uku da suka fi kyau a wannan allo. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko CSS mu ga yadda ake yi wa wannan jeri ado. Muna roƙon a daina yage gefen mujalla, domin 'yan bayanku ma suna son karantawa.



Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, sashen darussa.